Sawun Kyanwar Mai Ɗinki

"In ba kai ba ne, me ya sa hannunka ke rawa?"

"Yaya, ko kai aka taru a ƙofarka tun safe ana nuna ka da baki, hannunka zai yi rawa."

Mai-Sawu ya zuba wa ƙanensa Auta ido. Suna tsaye a saman benen gidan hayar, tsakanin tankin ruwa da kejin tattabarun Auta, tsuntsayen sun takure a gefe guda sun yi tsit kamar su ma an gaya musu. Mai-Sawu ya daɗe yana aiki a gandun daji, yana bin sawun masu farautar sata da na dabbobin da suka ji rauni, har gwiwarsa ta gaza ya dawo gari. Tun daga nan duk wanda akuyarsa ta ɓata ko aka haura masa katanga, shi ake nema. Amma bai taɓa ɗaukar sawu yana tsoron inda zai kai shi ba sai yau, domin wanda ake zargi ƙanensa ne, wanda ya goya da bayansa.

Da safiyar nan aka tsinci Toka, kyanwar Mai Ɗinki, a ƙarƙashin matakalar da ke hawa wurin tattabarun. Tana shure-shure, yawu na dalala daga bakinta, jikinta ya yi sanyi. Kafin Mai Ɗinki ta naɗe ta a zani ta ruga asibitin dabbobi, gidan ya riga ya yanke hukunci cewa Auta ne ya ba ta guba. Kowa ya tuna ranar da Toka ta kashe wa Auta farar tattabararsa, ya tsaya a tsakar gida yana rantsuwa cewa wata rana sai ya ga bayanta. Kowa kuma ya san kyanwar nan ba kyanwa kawai ba ce. Ta mahaifiyar Mai Ɗinki ce, ita kaɗai ce abu mai numfashi da marigayiyar ta bar mata. Baba Mai Gida, wanda ba ya son hayaniya a gidansa, ya ce zuwa yamma in ba a kawo masa wata magana ba, Auta ya tattara kayansa da tsuntsayensa ya san inda ya nufa.

Mai-Sawu ya san ba ɗakin ne ke cin zuciyar ƙanensa ba. Tun bara Auta ke kai wa Mai Ɗinki rigunan da ba su yage ba don a gyara masa. Yau kuwa ta wuce shi a matakala da kyanwar a ƙirjinta, ko ɗaga ido ba ta yi ba.

* * *

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne, yana warin maganin goge ƙasa. Toka na kwance a kan tebur ƙarƙashin bargo, an aske mata hannu ɗaya an sa ƙarin ruwa. Mai Ɗinki na zaune kusa da ita, har yanzu da tef ɗin awo a wuyanta, ba ta ma san yana nan ba.

Likitar ta ja Mai-Sawu gefe ta yi masa bayani a taƙaice. Toka na da ciwon sukari. Ana yi mata allura safe da yamma, kuma sai ta ci abinci ake yi, nama ko kifi, ba burodi, ba shinkafa, ba wani abu mai zaƙi. Ta ce kyanwar da ke zaune a ɗaki lissafinta mai sauƙi ne, ana ganin duk abin da ta ci. Amma irin Toka mai fita farauta, rabin cikinta a waje take cika shi, ba wanda ya san da me. Ɓera ko ƙadangare ba sa ta da sukari sosai, nama ne. Abin da ya daɗe yana damun likitar shi ne duk kiyayewar da Mai Ɗinki ke yi, sukarin Toka ya ƙi sauka, har dole ta riƙa ƙara yawan allurar a hankali.

"Guba fa?" in ji shi.

"Ban ga alamarta ba. Sukarinta ne ya faɗi ƙasa warwas. Ko dai an yi mata allura fiye da ƙima, ko kuma akwai abin da ya canja a cikinta ban sani ba. In ta farfaɗo, ba zan san adadin da zan sake ba ta ba sai na gane wanne ne."

Mai Ɗinki ta ji. Ta ce ita dai ba ta canja komai ba, yadda take yi kullum haka ta yi: ta ba ta kifinta, ta yi mata allura, ta buɗe mata taga. Da ya tambaye ta inda take ajiye maganin, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin bargon. Daga baya ta ce firijinta ya lalace tun da daɗewa.

"A firijin Auta yake, Yaya. Ni na kai masa da hannuna."

Maganar ta sauka a ƙirjinsa kamar dutse a rijiya. Ya zo asibitin ne don a wanke ƙanensa daga guba, ga shi zai fita da zargin da ya fi guba muni.

* * *

Kafin ya koma gida labarin ya riga shi. Ya tarar da Mai Shago a bakin titi yana auna wa mutane sukari yana kuma auna musu magana kyauta. Yana ganin Mai-Sawu ya rage murya, ya ce shi fa bai ce komai ba, amma in ana neman mai mugun nufi kada a tsaya a sama kawai, a leƙa ɗakin Matar Direba, domin kwanan baya ta sayi maganin ɓera har ƙulli biyu. Ya ce likitoci ma mutane ne, suna kuskure.

Matar Direba ta tarbe shi da ludayi a hannu. Ta ce ai ta san za a zo, tun da a gidan nan in mutum ya ce kyanwa ta daina yi masa fitsari a takalmi shi ke nan ya zama mugu. Ta ja shi har kicin, ta ture kabad da ƙugunta, ta nuna masa maganin a can lungu inda ko hannun yaro ba zai shiga ba, balle kyanwa mai tumbi irin na attajirai. Ya durƙusa ya duba. Ƙurar wurin ba ta da sawun komai sai na ɓeraye. Ta ce in ya gama binciken kabad ɗin ya taimaka ya share mata bayansa, tun da mijinta ya fi ƙarfin tsintsiya. Amma da zai fita sai ta riƙe ƙofar, fuskarta ta canja. Ta ce ba don tana ƙinsa ba, amma kwanakin nan ta sha ganin Auta da sassafe a bakin rufi, ba tattabarunsa yake kallo ba, Toka yake bi da ido har ta ɓace.

A ɗakin Auta ya buɗe firijin. Kwalbar na nan a bakin ƙofa kusa da ƙwai, 'yar ƙarama, ruwan cikinta kamar hazo. Ya ɗaga ta a haske. Ba ta gaya masa komai ba, ba shi da yadda zai san ko an ɗiba fiye da ƙima. Auta na zaune a bakin gado. Da ya ji abin da likitar ta ce, cewa ba guba ba ce, sukari ne ya faɗi, Mai-Sawu ya zaci zai ga sauƙi a fuskarsa. Sai ya ga jini ya janye daga leɓensa. Ya tambaye shi me yake kallo daga rufi da safe. Auta ya ce gari.

Mai-Sawu ya mayar da kwalbar, ya rufe firijin a hankali. Mutane sun ishe shi. Ya sauka ya nufi ƙasa, ita ba ta iya ɓoye abin da aka taka ta da shi.

* * *

Ƙarƙashin tagar Mai Ɗinki akwai yashi da ruwan sama ya tara. Kuliyoyin unguwa da yawa sun bi ta wurin, amma sawun Toka daban yake. Ciwon ya raunana mata ƙafafun baya, ba ta tafiya a kan yatsu kamar sauran, dunduniyarta ke taɓa ƙasa, tana barin doguwar alama kamar ta zomo. Ya bi ta.

Hanyar ta ratsa bayan gidan, ta bi ƙarƙashin wata mota da ta mutu a tsaye, ta shiga garejin wani mai walda. A can ya ga gashin ɓera da wutsiyar ƙadangare, ragowar farauta, ba sabo ba. Ya ga inda take goga kumatunta a kusurwar katanga har wurin ya yi duhu. Yana tafe yana ɗingishi, rana ta take, lungun ba kowa sai ƙudaje da wani rediyo da ke magana shi kaɗai a bayan wata taga.

A gindin wata bishiya ya tsaya. A nan Toka ke tsugunnawa ta yi fitsari, ƙasar duk ta yi tabo-tabo. Ya ɗauki tsinke ya tona tsofaffin wuraren, ya ga hanyoyin kiyashi sun kewaye su, har da ramukansu a gefe, kamar an zubar da shayi. Fitsarin mai ciwon sukari zaƙi gare shi, kiyashi ba sa barinsa. Sai ya matsa ga sababbin wuraren, na 'yan kwanakin nan. Ko kiyashi ɗaya babu. Sun bi ta gefensu sun wuce.

Ya daɗe a durƙushe. Ashe ba yau sukarin ya faɗi ba. Ya kwana biyu yana sauka a ɓoye, allurar kuwa tana nan yadda take. Ba wanda ya ƙara mata magani. Wani abu aka rage mata.

Daga bishiyar sawun bai ƙara karkata ba. Ya miƙe sambal, ya zurfafa, irin hanyar da dabba ke yi zuwa wurin da ta saba samun abu kullum. Ya kai shi wata ƙofar ƙarfe a bayan gidan burodi, inda iska ke da ɗumi da ƙanshin yis. A gefen dakalin akwai ɗan faranti a kife, an ɗora masa dutse. Kewaye da shi sawun Toka ne birjik, sabo a kan tsoho, ta zagaya, ta zauna, ta sake zagayawa. A jikin ƙofar, daidai tsayin kyanwa, fentin ya kankare da farce.

Can kusa da magudanar ruwa, inda fulawa da laka suka haɗu suka bushe kamar siminti, akwai sawun mutum guda ɗaya. Takalmin roba, ƙafar hagu ta karkato ciki, babban yatsa ya fi nutsewa. Mai-Sawu ya gane sawun nan take. A kan wannan ƙafar ya fara koyon sana'arsa, tun suna yara, lokacin da uwarsu ke tura shi ya nemo Auta duk inda ya gudu.

* * *

Mai Burodi tsoho ne mai kauri, gashin hannunsa duk fari da fulawa. Da ya ji an ambaci kyanwa mai ruwan toka sai fuskarsa ta washe, ya ce ai baƙuwarsa ce. Bai san tana da masu ita ba. Tun rasuwar matarsa take zuwa kowace safiya, daidai lokacin da burodin farko ke fitowa, yana jiƙa mata tsakiyarsa a madarar gwangwani mai zaƙi. Ya ce ita kaɗai ke sauraronsa ba ta ce ya maimaita labari ba.

Da aka tambaye shi me ya sa ya kife farantin, sai murmushin ya tafi. Ya ce wani saurayi ne ya zo, mai ladabi, har da durƙusawa. Ya gaya masa kyanwar ba ta da lafiya, burodin nan da madara kashe ta suke yi a hankali, ya roƙe shi don Allah ya daina. Shi kuwa ya daina a ranar. Ya ce tana zuwa tana kuka a ƙofar, shi yana ciki yana toshe kunne da ƙarar injin kwaɓi. Sunan saurayin bai tambaya ba, idonsa kuma ba ya riƙe fuska yanzu.

"Lafiya dai take ko?" in ji tsohon.

Mai-Sawu ya gaya masa gaskiya. Tsohon ya nemi buhun fulawa ya zauna a kai. Sannan ya cire rigar aikinsa ya ce a kai shi wurin mai kyanwar.

A hanya Mai-Sawu ya kira likitar ya shaida mata. Ta yi ajiyar zuciya ta ce yanzu komai ya fito. Allurar da ta yi ta ƙarawa, da burodin da ba ta sani ba take kokawa. Cire burodin daidai ne, amma da an gaya mata, da ta rage maganin a ranar. An cire nauyi daga gefe ɗaya na ma'auni ba a gaya wa mai riƙe da ɗayan gefen ba.

Ya kashe wayar yana jin wani tunani na lallaɓowa. Tsohon bai san suna ba, bai riƙe fuska ba. Sawun kuwa ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke shi. In ya tsaya a kan farantin kawai, Auta ya tsira da ɗakinsa da mutuncinsa, watakila har da matar da yake so.

* * *

Da yamma aka taru a tsakar gida. Hadari ya haɗo ta gabas, iska na kaɗa shanyar da ba wanda ya tuna ya kwashe. Baba Mai Gida na kan kujerarsa, Mai Shago ya rufe shago ya zo, Matar Direba ta harɗe hannu a bakin ƙofarta. Auta na tsaye can gindin matakala shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da kowa. Mai Ɗinki ce ta shigo ƙarshe, ɗauke da kwando da bargo a ciki, ta zauna ta ɗora shi a cinya.

Mai-Sawu ya yi bayani dalla-dalla: ba guba, ba ƙarin allura, ga kiyashi, ga faranti, ga abin da likita ta ce. Ya nuna Mai Burodi, ya faɗi labarin saurayin da ya roƙe shi ya daina ba ta burodin. A nan ya tsaya.

Guna-guni ya tashi, ya juya kamar yadda iska ke juya hayaƙi. Mai Shago ya ce ashe mugun yana waje, wane irin mutum ne zai ɗura wa dabbar mutane sukari sannan ya yanke mata rana ɗaya. Wani ya ce labarin saurayin ma ƙirƙira ce. Wani ya ce a daina sayen burodinsa. Tsohon bai kare kansa ba. Ya tsaya riƙe da hularsa, yana ta cewa a yafe masa, bai sani ba. Mai Ɗinki kuwa ta ce a ƙyale shi, laifinta ne, ita ke buɗe tagar, ita ke soka allurar, da hannunta ta kusa kashe abin da mahaifiyarta ta bar mata.

Mai-Sawu ya dubi ƙanensa. Ya ba shi lokaci, ya ƙara masa. Auta na kallon ƙasa. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

"Baba bai ƙirƙiri kowa ba," in ji Mai-Sawu. Ya ji muryarsa kamar ta wani. "Na ga sawun saurayin. Auta, kai za ka faɗa ko ni?"

Auta ya ɗago. Ya faɗa, a guntu-guntu. Daga rufi ya gano inda Toka ke zuwa. Ya sha jin Mai Ɗinki na kukan cewa sukarin ya ƙi sauka. Ya yi zaton in ya toshe hanyar burodin a ɓoye, ranar awon sukarin Toka za ta dawo daga asibiti da labari mai daɗi, sannan ya gaya mata shi ne. Bai san maganin zai juya ya zama abin kisa ba, sai yau da rana da yayansa ya kawo maganar likita. Daga nan kuma tsoro ya ɗaure masa harshe.

"Kullum ina zuwa ɗakinka ɗaukar maganin nan," in ji Mai Ɗinki a hankali. "Safe da yamma. Kana miƙo mini da hannunka. Kalma ɗaya, Auta."

"So nake in ga kin yi dariya. Tun rasuwar mahaifiyarki ban gani ba."

Matar Direba ta juya tana share ido da gefen mayafi, tana tsaki wai iska ce ta watsa mata ƙasa. Baba Mai Gida ya gyara zama, ya ce shi dai abin da ya faɗa da safe a kan mai guba ya faɗa, yanzu kuwa bai san sunan wannan laifin ba. Ya ce mai kyanwa ta yanke, abin da ta ce shi za a yi.

Mai Ɗinki ta yaye bargon. Toka ta ɗago kai da ƙyar, tana shinshina iska. Mai Ɗinki ta wuce da yatsunta a gaban fuskarta, hagu, dama. Idanun a buɗe suke, manya, koraye, ba su bi komai ba. Mai-Sawu ya ji Auta ya ja numfashi kamar an soke shi.

Ta mayar da bargon, ta miƙe da kwandon a hannu, ta fuskanci Baba Mai Gida.

"Kada a kore shi, Baba. Likita ta ce watakila ganin ya dawo, watakila ba zai dawo ba, kuma Toka ta gama fita ita kaɗai. Daga gobe shi zai riƙa ɗaukarta ya hau da ita rufi ta sha iska, safe da yamma, duk abin da ta lasa ya sauko ya gaya mini. Maganar da ke tsakanina da shi kuwa, na ajiye ta sai ranar da ta dube ni ta gan ni."